Yanyawa Biyu a Kan Ƙanƙara: Yadda Don Gutoski Ya Tsara Hoton da Ya Ci Gasar 2015

A watan Oktoban 2015, alƙalan gasar Wildlife Photographer of the Year, wadda Gidan Tarihin Halittu na birnin Landan ke shiryawa duk shekara, suka zaɓi hoto ɗaya daga cikin fiye da 42,000 da aka turo daga ƙasashe 96, suka ba shi babbar lambar yabo. Mai hoton, Don Gutoski, ba da kyamara yake neman abinci ba. A lokacin likita ne a sashen gaggawa na asibiti a Kanada, ɗaukar hoton namun daji kuwa sha'awa ce da yake bi idan aiki ya sake shi. Sunan hoton A Tale of Two Foxes, wato labarin yanyawa biyu.

Abin da ke cikinsa ba shi da yawa. Jar yanyawa ce tsaye a kan ƙanƙara, ta ɗago gawar farar yanyawa da bakinta. Kan farar yana rataye daidai ƙarƙashin kan jar, hancinsu na kallon gefe guda. Abin da ya rage na jikin farar ya miƙe a ƙarƙashin jikin jar, wutsiya ma tana bin wutsiya. Akwai jini, ana ganin inda aka ci naman, amma bai cika hoton ba. Bayan wannan kusan babu komai sai fari. Da 'yan jarida suka tambayi Gutoski abin da ya fi burge shi a hoton, wannan daidaiton ya ambata: na kawunan, na jikunan, na wutsiyoyin, har da yanayin fuskokin biyu.

An ɗauki hoton a Cape Churchill, cikin gandun daji na Wapusk da ke lardin Manitoba, a gaɓar mashigin tekun Hudson. An kafa gandun a 1996, faɗinsa murabba'in kilomita 11,475, kuma an fi saninsa da farar dabbar beyar, wadda ke taruwa a gaɓar a watannin Oktoba da Nuwamba tana jiran ruwa ya daskare domin ta hau kai ta yi farauta. Yawancin masu kyamarar da ke zuwa yankin a wannan lokaci saboda ita suke zuwa. A farkon hunturu ne, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, Gutoski ya hango jar yanyawa daga nesa tana bin wani abu a guje. Kafin ya matso ta riga ta kashe shi, sai ya ga ashe farar yanyawa ce. Ya tsaya a wurin sa'o'i uku yana ɗauka, ita kuwa tana ci. Da ta ƙoshi sai ta ɗauki ragowar domin ta je ta ɓoye, kamar yadda yanyawa ke yi idan abinci ya yi saura. A nan ta ɗan tsaya da gawar a baki, a nan kuma hoton ya samu.

Masu koyon hoto kan ɗauka cewa datse gefe abu ne da ake yi a kwamfuta bayan an dawo gida. A wannan hoton, babbar datsewa ta faru tun yana cikin sanyin, kuma bayanan kayan aikin da gasar ta wallafa tare da hoton sun nuna haka. Kyamarar Canon EOS-1D X ce, gilashin mai janyowa daga milimita 200 zuwa 400 ne, amma an ɗauki hoton a milimita 784. Wannan gilashi na Canon yana da nasa gilashin ƙari a ciki, mai ninka janyowa sau 1.4, wanda ke kai shi 560. Idan aka ɗaura masa wani irinsa a baya, lissafin ya kai 784 cif. Kowane gilashin ƙari kuma yana cinye rabin hasken da ke shiga. Ƙofar hasken da ke buɗewa har f4 ta koma f5.6, ta sake komawa f8, kuma a f8 ɗin aka ɗauki hoton. Ke nan ba shi da sauran inda zai buɗe. A ranar da hasken ma ba shi da kyau, ya yarda ya rasa kashi uku cikin huɗu na haskensa domin kawai ya matse abin da zai shiga hoton. Ya cike giɓin da ISO 640, wato ya ƙara wa kyamarar ƙarfin karɓar haske, ya bar saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da motsin dabba da rawar dogon gilashi.

Me ya sa bai tsaya a 400 ba, ya samu haske wadatacce, ya datse daga baya? Kyamarar tana da megafiksel 18 ne. Da ya ɗauka a 400 sannan ya yanke gefe har dabbobin su kai girman da suke da shi a 784, abin da zai rage masa bai kai megafiksel 5 ba. Irin wannan hoton zai wuce a allon waya, amma idan aka buga shi babba aka rataye a zauren baje koli, gashin farar yanyawa zai narke ya haɗe da ƙanƙara. Fari a kan fari ba ya yafe ƙarancin fiksel, domin siririn inuwar da ke tsakanin gashi da gashi ita kaɗai ke raba dabbar da ƙasa. Ga kuma wata matsalar da duk mai ɗauka a kan ƙanƙara ya sani: ma'aunin hasken kyamara na ƙoƙarin mai da fari ruwan toka, sai mutum ya ƙara haske da hannunsa, idan kuma ya zarce sai farin ya ƙone, babu abin da za a iya cetowa.

A milimita 784, abin da kyamara irin wannan ke gani daga gefe zuwa gefe bai kai digiri 3 ba. Kamar mai leƙen ɗaki ne ta ramin makulli. A ce dabba na nesa da mita 30, faɗin wurin da zai shiga hoto bai kai mita ɗaya da rabi ba, zurfin da zai fito tangaran kuma bai kai mita ɗaya ba. Duk sauran Wapusk, gaɓar teku da duwatsu da beyar da mutanen da ke kusa, ya faɗa waje. Wannan ƙuncin zurfin shi ya sa tsayuwar jar yanyawa ta gefe take da muhimmanci ƙwarai. Da ta fuskanci kyamara kai tsaye, gawar na jan ƙasa a bayanta, da fuska ɗaya ce za ta fito sosai, sauran ya dushe. Da yake ta ba da gefe, fuskokin biyu da jikunan biyu sun zauna kusan a nisa ɗaya da gilashi, ido na iya bin su daga hanci har wutsiya ba tare da ya gamu da dishi-dishi ba.

Datsewa ta biyu ta lokaci ce, kuma a ganina ita ce ta fi nauyi. Sa'o'i uku na dabba tana yagar nama, da kyamarar da ke iya ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, abu ne da ke cika katin ajiya. Duk wanda ya taɓa kallon mai cin nama a kan abincinsa ya san yadda mafi yawan waɗannan hotuna ke kasancewa: kai a sunkuye, fuska a cikin ciki, baki da ƙirji jage-jage, abin da ake ci ya zama tarin gashi da ba a gane gabansa da bayansa. Irin wannan hoto gaskiya ne, amma mai kallo kan kau da kai kafin ya fahimci komai, ko kuma ya tsaya saboda jinin kawai. Gutoski ya tsallake duk wannan, ya fito da lokacin da cin ya ƙare, kan jar ya ɗago, fuskar farar kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Mai kallo na ganin fuska biyu masu ƙira ɗaya, ɗaya da rai ɗaya babu, sai ya gane nan take cewa 'yan uwan juna ne. Hakan kuwa gaskiya ne a ilimin halittu: rukuni ɗaya ake lissafa su a ciki, wanda ya haɗa har da ƙaramar yanyawar da ke yankin Sahel.

Yana da amfani mutum ya ɗauki hoton ya gwada masa wasu yankan a zuci, domin a nan ake gane inda ƙarfinsa yake. A matse shi sosai, a bar kawunan biyu kawai: hoton zai fi tsanani a kallon farko, amma wutsiyoyi sun tafi, jikunan sun tafi, layuka biyu masu tafiya tare da suka riƙe tsarin sun karye. Abin da ya fi haka muni, idan yankan ya faɗo sama da inda aka ci naman, mai kallo na iya zaton uwa ce ke ɗauke da ɗanta a baki, tunda haka dangin karnuka ke ɗaukar 'ya'yansu. Babu fiksel ɗaya da aka ƙara, babu wanda aka goge, amma hoton ya faɗi abin da bai faru ba. Jinin da ke tsakiya shi ne shaidar da ke hana wannan kuskuren, shi ya sa dole ya zauna, kuma shi ya sa kaɗan ɗinsa ya wadatar.

A gwada ta ɗaya ɓangaren, a ja baya a buɗe fili. Za a samu hoton ƙasa mai faɗi da ɗigon ja a tsakiya, abin sha'awa ne, amma farar yanyawa za ta ɓace cikin ƙanƙara, tunda domin ta ɓace ɗin aka halitta mata wannan gashin a hunturu. Sai a rasa rabin labarin. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan siririn wuri inda dabbobin suka cika hoton amma ba a yanke wa kowa wutsiya ko ƙafa ba, aka kuma bar musu farin fili kewaye da su. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke yawan maimaitawa, cewa kada a yanke dabba a gaɓa ko a ƙarshen wutsiya, ko dai a shigar da ita duka ko a yanke da gangan ta yadda kowa zai san nufi ne. A hoton da ke da dabba biyu, ƙa'idar ta fi tsanani, domin duk abin da aka rage wa ɗaya yana canja yadda ake ganin ɗayar.

Launi ma ya yi nasa aikin ba tare da hayaniya ba. Uku ne kawai: farin ƙasa da na gawar, jan gashin mai rai, da jan jini. Hasken da aka ce ba shi da kyau shi ya hana inuwa mai kauri faɗowa ƙarƙashin dabbobin ta raba hankalin mai kallo. Da rana ta fito tarwai, da ƙanƙarar ta yi ta ƙyalli, kowane tudu da rami ya fito da tasa inuwar.

Dokokin gasar sun yarda a datse gefe, a gyara haske da launi daidai gwargwado, a goge ƙurar da ta hau sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Abin da suka hana shi ne ƙara wani abu ko cire shi daga cikin hoton, kuma duk wanda ya kai zagayen ƙarshe sai ya miƙa ainihin fayil ɗin da kyamara ta ajiye domin a gwada. Ba da wasa suke riƙe wannan ba. Hoton kyarkeci mai tsallake ƙofar shinge da José Luis Rodríguez na Sifen ya ci babbar lambar 2009 da shi, an ƙwace lambar a farkon 2010 bayan alƙalai sun gamsu cewa dabbar ta saba da mutane ce, ba ta daji ba. A 2018 kuma aka soke nasarar Marcio Cabral na Barazil, bayan masana sun yanke cewa dabbar mai cin gara da ke jikin suri a hotonsa gawa ce da aka cusa wa kaya aka tsayar. Dukansu biyu sun musanta. Irin wannan maguɗin ana iya kama shi da bincike. Datsewa kuwa halal ce a doka, shi ya sa nauyinta ke kan mai hoto shi kaɗai, babu alƙalin da zai ɗauke masa.

Shekara huɗu bayan nasarar Gutoski, a 2019, wani hoton yanyawa ya sake cin babbar lambar, kuma ya nuna yadda zaɓen lokaci ke juya zuciyar mai kallo. Bao Yongqing na ƙasar Sin ya ɗauke shi a tsaunukan Qilian: yanyawar Tibet, uwa mai 'ya'ya uku, ta afka wa marmot, wani ƙaton ɗan uwan kurege da bai daɗe da fitowa daga barcin hunturu ba. Bao ya zaɓi lokacin da ba a kai ga taɓa juna ba. Marmot ɗin na tsaye da ƙafafun baya, baki a buɗe, hannu a ware, akwai ɗan fili tsakaninsa da haƙoran yanyawar. Wannan filin shi ne ran hoton, wanda ya datse shi ya kashe hoton. Sai dai da ya yaɗu a intanet, mutane da yawa dariya ya ba su, suka mai da shi abin barkwanci, saboda firgicin dabbar ya yi kama da na mutum. Marmot ɗin bai tsira ba. Bao ya tsaya kafin mutuwa, Gutoski ya tsaya bayanta, babu wanda ya nuna kisan kansa a cikinsu, amma ba wanda zai kalli yanyawa biyu na Wapusk ya yi dariya.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi damuna a wannan lamari, wato abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Kathy Moran, wadda a lokacin edita ce a mujallar National Geographic kuma ɗaya daga cikin alƙalan gasar 2015, ta bayyana cewa abin da zai iya zama arangamar mafarauci da abin farautarsa kawai, su alƙalai sun gan shi a matsayin misali ƙarara na sauyin yanayi, inda jar yanyawa ke kutsawa ƙasar farar. Da wannan fassarar hoton ya zaga duniya. Kuma tana da tushe. Jar yanyawa ta fi farar girma da ƙarfi. Ba ta saba farautar farar domin ci ba, amma inda suka haɗu a ƙasa ɗaya rikici kan tashi. A Norway da Suwidin, inda farar ta yi ƙaranci sosai, an ga jar na ƙwace ramukanta tana kashe ta, har masu aikin kare dabbobi suka shiga rage yawan jar a wasu yankunan. A mashigin Hudson ma, lokacin da ruwa ke zama ba ƙanƙara ya ƙaru idan aka kwatanta da shekarun 1980, farar yanyawa kuwa na amfani da ƙanƙarar teku a hunturu, tana bin beyar tana cin ragowar abin da ya kashe.

Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin faɗin mita ɗaya da rabi da gilashin ya gani. Wapusk na kan iyaka ne, inda dajin itatuwa na kudu ke ƙarewa, filin da ba itace ya fara, kuma wuri ne da dabbobin biyu ke iya haɗuwa ko da yanayi bai canja ba. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan yadda jar yanyawa ta yaɗu zuwa arewacin Kanada a ƙarni na 20 ya gano cewa kafuwar matsugunan mutane, da abincin da ake samu a kewayensu, ya fi bayyana yaɗuwar fiye da ɗumamar yanayi. Wannan bai ƙaryata alƙalan ba, sai dai ya nuna lamarin yana da igiya fiye da ɗaya. Farin filin da ya sa hoton ya yi kyau shi ne kuma ya sa ya karɓi kowace fassara, tunda babu wani abu a bayan dabbobin da zai ce a'a. Ni dai ina ganin Gutoski ya sauke nauyin da ke kansa: abin da ya bari a ciki gaskiya ne, abin da ya yanke bai sauya ta ba. Nauyin da ya rage na masu rubuta bayani ne, editoci da masu baje koli da masu yaɗawa, su bambanta abin da hoton ya nuna da abin da suke so ya tsaya a madadinsa.

Tambayar ko jar na korar farar a Wapusk, hoto ɗaya ba ya amsa ta komai kyansa. Masu bincike daga Jami'ar Manitoba sun daɗe suna aiki a kanta a wannan gandun, kuma hanyarsu daban ce: suna zagaya ramukan yanyawa shekara bayan shekara, suna duba wace ce ta zauna a wane rami, wace ce ta haihu, me suka ci, suna kuma sa wa wasu na'urar bin sawu domin a san inda suke zuwa idan teku ta daskare.